Hoton Ƙirjin Mahauci

Agege, Legas
Alhamis, 16 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga ƙanwata Badiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da ke da Inna. Yaya sugarta da hawan jinin? Ki ce mata daddawar da ta aiko mana ta kusa ƙarewa, har matan gidan hayarmu sun fara roƙo. 'Yarmu Najiba lafiyarta lau, wata biyu ke nan sikilarta ba ta tashi ba, sai dai rigimar zaman ɗaki.

Mu nan mako na uku muke cikin kulle. Ba danfo, motocin hayar nan, ba okada, wato acaɓa, titin da ko tsallaka shi sai da addu'a yau yara ne ke ƙwallo a kai. Masu harkar abinci kaɗai aka bari, shi ya sa yayanki, maigidana, yake ɗan leƙa Abbatuwa, mayankar garin nan, su Khamisu direba kuma suke ta kawo shanu. Ta hannun Khamisu zan ba da wannan, tunda wayata tun da aka zare ta a danfo ban sake wata ba, ku kuma garinku sai an hau tudun makaranta ake samun sabis.

Maganar yayanki ce ta sa na zauna rubutu. Tun ranar Talata yake zazzaɓi da busasshen tari. Abin da ya fi ba ni mamaki, jiya albasa ta ƙone mini ƙurmus a kasko yana zaune kusa, wallahi bai ji ba. Mutumin da zai tsaya daga bakin rumfa ya ce naman can ya kwana! Na matsa masa ya je wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan layinmu, suka yi masa hoton ƙirji. Likitan ya ce bai ga komai a hoton ba, amma ya rubuta masa takarda ya je a yi masa gwajin korona, wanda ake zura tsinke a hanci. Yayanki ya ce Allah ya tsare shi. Ya ce in aka ji an yi wa mahauci gwajin korona, ko an ce ba shi da ita, wa zai sake sayen namansa? Har wayarsa ya kashe ya jefa cikin durowa, wai ya ba su lambarsa, kada su biyo shi.

Da kin ga abin da ya yi da hoton nan, da kin yi dariya. Tsakar gida ya fita ya ɗaga wa rana, yana juya shi kamar mai duba fata. Ya ce, "Furera, shekara ashirin da bakwai ina fasa ƙirjin shanu. Huhu mai ciwo ba ya ɓuya, ko ya yi tabo, ko ya manne da haƙarƙari, ko ya tara ruwa. Likitan dabbobi ma in ya zo buga hatimi huhu yake fara dubawa, in ya ga fes sai ya ce nama ya wuce. Dubi nawa, ko ɗigo babu." Ni dai na duba, ban ga komai ba sai ƙasusuwa.

To yanzu ya kafe sai ya zo gida. Ya ce danshin Legas ne ya shige shi, in Inna ta yi masa surace kwana uku zai miƙe. Khamisu zai dawo da shanu ranar Talata, ya juya ranar Laraba, zai ɗauke shi a gaba a matsayin mai rakiyar kaya. Amma ya ce sai ya ji ta bakinki, tunda ke ce ma'aikaciyar jinya, kuma ke ke riƙe da Inna. Ki rubuto mini da gaggawa, zan karanta masa kamar kullum. Kin san shi da boko sai dai kallo, ajaminsa kaɗai ya sani.

Yayarki,
Furera

Unguwar Marke
Asabar, 18 ga Afrilu, 2020

Yaya Furera,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna ma da sauƙi, jiya har ta fita ta ba tumakinta dusa da kanta. Na gaishe da Najiba.

Khamisu ya miƙo mini takardarki ina ƙofar asibiti, a tsaye na karanta ta, kuma a tsaye nake ba ki amsa domin gobe da sassafe zai yi lodi. Yaya Furera, don girman Allah kada Yaya Alu ya zo. Na sake faɗa, kada ya zo.

Hoton ƙirji ba gwajin korona ba ne. A kwanakin farko cutar tana iya zama a hanci da maƙogwaro, mutum yana ta raba ta ga jama'a, hotonsa kuwa ya fito tas. Sai ta kwana biyu ta sauka ƙirji sannan a fara ganin fari-fari, wani ma har ya warke hoton bai nuna komai ba. Shi kwana ɗaya da fara zazzaɓi aka ɗauke shi, me ake so a gani? Ko da hoton ya nuna fari ma, ba ya faɗin sunan ciwon. A watan jiya an kawo mana wani dattijo da hotonsa fari fat, kowa ya watse ya bar shi a benci, ashe tarin fuka ne ya daɗe yana cinsa. Shi ya sa likitan nan ya ce a je a yi na hanci, ba don yana son wahalar da shi ba.

Ki gaya wa Yaya, huhun saniya a hannunsa yake riƙe shi, ya matsa, ya yanka, ya leƙa ciki. Wannan kuwa inuwa ce kawai aka ɗauka ta bayan fata da ƙashi. Ba na raina saninsa, amma wannan ba fawa ba ce. Kuma maganar albasar nan ta fi hoton tayar mini da hankali, domin ɗaukewar jin ƙanshi na cikin alamomin da ake ta gaya mana mu lura da su.

Inna shekararta saba'in da huɗu, ga suga ga hawan jini. Wata guda ke nan na hana kowa shiga ɗakinta, har Liman sai daga bakin ƙofa yake gaishe ta, ana ta zagina a gari wai na killace uwata kamar mai kuturta. Na shanye duk wannan. In Yaya ya shigo gidan nan kin san babu mai raba ta da shi, ɗanta namiji guda ɗaya da ta shekara biyu ba ta gani ba.

Ya je a yi masa gwajin. Kafin nan ya sa takunkumi, ku bar taga a buɗe, ki ware masa kwano da kofi, Najiba kuma ki nisanta ta da shi iyakar iyawarki. Na san ɗaki ɗaya ne, na san da wuya.

Na so in rubuta masa da ajami kai tsaye, sai na ga ba kyau ƙanwa ta aika wa yayanta takarda ta ce kada ya tako gidan ubansa. Ke kin san lokacin da ake gaya masa magana ta shiga. Khamisu ma ban ce masa komai ba, kin san bakin direbobi, kafin ya kai Jebba labari ya riga shi isa Abbatuwa. Ki karanta wa Yaya wannan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ƙanwarki,
Badiyya

Unguwar Marke
Lahadi, 26 ga Afrilu, 2020

Yaya Furera,

Sallama. An sha ruwa lafiya? Ba zan yi doguwar gaisuwa ba, domin raina a ɓace yake.

Ranar Juma'a, ɗaya ga azumi, na taso daga aiki bayan la'asar, tun daga zaure na ji warin darbejiya. Ina shiga na tarar da Yaya Alu a ɗakin Inna, ya sunkuya a kan tukunyar surace, ita kuma ta riƙe masa bargo, kanta na cikin tururin tare da nasa, tana shafa masa baya tana cewa ya yi tari ya fitar. Tun hantsi ya iso, a kan gadonta ya wuni.

Na ce, "Yaya, me ya kawo ka?" Ban ma gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Ya zaro hoton nan daga cikin babbar ambulan, duk ya lanƙwashe da zaman mota, ya ɗaga shi a bakin ƙofa yana haki, yana nuna wa Inna. Na ce wannan ba shaida ba ce. Sai ya dube ni ya ce, "Badiyya, ashe baki biyu gare ki?" Tari ya sarƙe shi bai ƙarasa ba. Har yanzu ban gane abin da yake nufi ba, kuma ban samu damar tambaya ba, domin Inna ta ce in zan yi wa ɗanta tsawa in fita mata daga ɗaki.

Da ƙyar da kuka na samu aka mayar da shi ɗakin zaure jiya. Amma me ya rage? Inna takan faki idona ta kai masa kunu da kanta. Na ɗaura mata takunkumi, ta mayar da shi maɗaurin goro. Shi kuma numfashinsa ya yi nauyi, in ya je bayi ya dawo sai ya dafa bango. Na kai sunansa ga masu ɗibar gwaji, sun ce in jira, garuruwan da ke gabansu da yawa.

Ina takardata? Na rubuta miki, na roƙe ki da girman Allah. Khamisu ya sauke shi a bakin titi ya wuce, ban gan shi ba balle in tambaya. Ta iso ko ba ta iso ba? In ta iso kin karanta masa ya ƙi ji, ki gaya mini in san da wanda zan yi fushi.

Badiyya

Agege, Legas
Juma'a, 1 ga Mayu, 2020

Ƙanwata Badiyya,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Na samu takardarki ta biyu, kuma tun da na karanta ta ban iya cin abin kirki ba. Yaya jikin yayanki? Yaya Inna? Mu nan lafiya, ni na ɗan yi ciwon kai kwana biyu ya wuce, Najiba ko atishawa ba ta yi ba, alhamdu lillahi.

Maganar takardar farko, ki yi haƙuri, ba ta zo hannuna da wuri ba. Kin san yadda Abbatuwa take ranar sauke shanu. Ina jin Khamisu ya bar ta ne wurin wani a rumfa, sai ranar Alhamis aka kawo mini, lokacin kuwa sun yi kwana a hanya. Da na karanta na yi ta salati ni kaɗai. Ba ni da waya, tasa kuma tana cikin durowa a kashe, ina zan same shi?

Kada ki zafafa, jare, in ji Yarbawa. Wataƙila ma ba ita ba ce, ai likitan da kansa ya ce bai ga komai ba. Nan layinmu mutum nawa suka yi zazzaɓi da tari suka miƙe? Inna kuma mace ce mai ƙarfin jini, in sha Allahu babu abin da zai same ta. Mun sa an yi mata saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa, ko da yake mutum uku ne kawai saboda doka.

An ce ranar Litinin za a sassauta kullen. Na sa miki man zafi da citta da kanumfari a cikin ƙullin nan, ki ba shi. Ki ce Najiba tana tambaya yaushe Baba zai dawo.

Yayarki,
Furera

Unguwar Marke
Alhamis, 14 ga Mayu, 2020

Furera,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu ranar Asabar, tara ga wata, da hantsi. Na san saƙo ya iso muku ta bakin mahauta, amma ina so ki ji yadda aka yi daga wurina.

Kwana shida bayan zuwan Yaya ta fara zazzaɓi. Ta ɓoye mini har kwana biyu don kada in hana ta azumi. Da numfashi ya fara gagararta na ɗauki hayar mota na kai ta babban asibiti a cikin gari. Suka yi mata hoton ƙirji. Na sha ganin hotuna a aikina, amma da aka ɗora nata a kan fitila sai da na yi salati. Gefe biyun duk sun yi fari, kamar an watsa gari a kan baƙin faranti. Ta kwana huɗu a kan iskar oksijin. Abin da ta yi ta tambaya shi ne ko an ba Alu abinci. Ni na yi mata wanka, da safar hannu biyu da takunkumi, uwata da ta haife ni. Sakamakon gwajinsu ya fito bayan an binne ta da kwana biyu, ita da shi duka suna da ita.

Yaya ya tashi. Ya rame, amma yana tafiya da ƙafarsa.

Yanzu ki saurara. Ranar sadakar uku, ana zaune a ƙofar gida nesa-nesa da juna, ga Liman, ga kawunnanmu, na fito da ruwan alwala. Wani ya ce ƙaddara ce. Sai Yaya ya ɗago kai ya nuna ni da yatsa. Ya ce, "Ƙaddara ce, amma ga wadda ta buɗe mata ƙofa. Na ce ba zan taho ba sai na ji ta bakinta. Ranar Talata Furera ta zaunar da ni ta karanta mini takardarta, ta ce tunda hoto ya yi kyau in taho, Inna na marmarina. Ni mahauci ne, ban san komai ba sai nama. Ita da ta yi karatun, da ta ce mini kalma ɗaya, da uwata tana raye."

Ranar Talata, Furera. Ke kuma kin rubuto mini cewa sai Alhamis ta zo hannunki. A nan na gane baki biyun da ya ce ina da shi.

Kowa ya juyo yana kallona. Bakina ya buɗe, maganar tana kan harshena. Sai na tuna in na faɗe ta a gaban mazan nan, kafin a shafa fatiha aurenki ya mutu, Najiba kuma ta zama abin da za a yi ta ja tsakanin Agege da nan. Na ajiye butar na koma ciki. Tun ranar matan gari ba su shigo mini gaisuwa ba, sai su tsaya wurin matar kawu su juya. Jiya wata ta fasa kawo ɗanta allura da ta ga ni ce a kan aiki. Ni da na wata guda ina gadin ƙofar Inna, yau ni ce wadda ta kashe ta.

Na tare Khamisu shekaranjiya. Ya ce hannu da hannu ya ba ki ranar Talata da hantsi, har kin ba shi ruwan leda mai sanyi.

Ba na son man zafi, ba na son citta. Ki gaya mini abin da kika karanta wa yayana, da dalilin da ya sa.

Badiyya

Agege, Legas
Laraba, 27 ga Mayu, 2020

Badiyya,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta. Ba zan ce miki barka da Sallah ba, ni ma ban yi ta ba. Takardarki ta kwana goma a ƙarƙashin katifa tare da ta farkon. Sau uku Khamisu yana zuwa ƙofa ya tambaya ko akwai saƙo, ina cewa babu.

Gaskiya ne. Ranar Talata ta zo, na karanta ta ni kaɗai a bayan gida wurin shanya, sau biyu. Na gane kowace kalma. Da na shiga ɗaki yayanki yana zaune a bakin gado, jakarsa a ɗaure, ya ce, "Karanta mini, me Badiyya ta ce? In ta ce a'a, sai in kwance kayana." Na karanta masa gaisuwa, na karanta masa Inna ta ba tumaki dusa. Daga nan idona yana kan takardar, bakina yana faɗin abin da babu a ciki.

Kin tambayi dalili. Ranar Litinin, kafin takardarki ta zo, mai gidan hayarmu ya tsayar da ni a bakin famfo. Ya ce duk gidan ana jin tarin mijina ta bango, in bai daina ba zuwa Laraba zai kira lambar hukuma, in an tafi da shi kuma mu kwashe kayanmu. A layin bayanmu an zo da motar asibiti da mutane cikin fararen kaya an ɗauki wani, har yau ba mai sayen ko ƙosai a hannun matarsa. Wannan duk da sauƙi. Najiba ce. Kin ce in nisanta ta da shi. Ina zan kai ta, Badiyya? Ɗakin taku shida ne, tabarmarta tana gindin gadonmu, in ya yi tari har gashinta yake motsi. Kin san yarinyar nan, mura kaɗai sai ta kwantar da ita a asibiti ana ƙarin jini. Na haifi uku, ita kaɗai ta tsaya mini. Kin rubuta cewa hoton ba ya nuna komai, kin rubuta cewa ciwon ne. To da na gama karantawa abin da na gani shi ne, ciwon nan yana kwana taku ɗaya da 'yata, ga kuma mota za ta tashi gobe.

Ban yi nufin Inna ta mutu ba, Allah shi ne shaidata. Na ce wa kaina gidanku da faɗi, akwai zaure, akwai ke da kika san aiki, za ki tare shi tun daga ƙofa. Na riƙe hoton nan a raina ina cewa wataƙila yayanki ne da gaskiya, ai shi ma ya san huhu. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na riƙe. Inna gwaggona ce kafin ta zama surukata, ita ta yi mini kitson aure. Ba na barci, Badiyya.

Abin da zan faɗa yanzu zai ƙara miki tsanata, amma na gaji da ƙarya. Ina kallon Najiba tana wasa a tsakar gida, in tambayi kaina, da za a mayar da ni ranar Talatar nan, me zan karanta? Har yau ban samu amsar da zan iya gaya wa mutane ba.

Kin rufa mini asiri a gaban maza, kin ɗauki abin da ba naki ba. Ba ni da bakin roƙonki, amma ina roƙo. In yayanki ya sani ba zai sake kallona ba, kuma zai karɓe Najiba ya kai ta inda babu asibitin da ya san ciwonta. Wuyana yana hannunki.

Furera

Unguwar Marke
Asabar, 20 ga Yuni, 2020

Furera,

Wa alaikis salam. An yi sadakar arba'in ranar Alhamis. Ina lafiya. Ina fata Najiba ma haka, ita ba ta yi mini komai ba.

Na karanta takardarki ban san sau nawa ba. Na yi ƙoƙarin in tsane ki gaba ɗaya, abin ya ƙi, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Da kin rubuto mini tun farko kin ce mai gidan haya zai kore ku, kin ce ba ki da inda za ki kai yarinya, da na share ɗakin gona na jira shi a bakin titi, da ko inuwar Inna bai gani ba sai ya warke. Hanya tana nan, ke ce ba ki tambaya ba. Kin zaɓa ke kaɗai, kika sa sunana a kai. Ni ma ina da nawa. Na iya ajami tun ina 'yar shekara tara. Kunyar kada a ce ƙanwa ta yi wa yayanta iyaka da gida ita ta sa na bi ta hannunki, ga abin da kunyar ta saya mini.

Kwana arba'in Yaya bai ci abincin da na dafa ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Ranar sadaka aka yanka sa, aka ce ya zo ya fasa tunda sana'arsa ce. Ya buɗe ƙirjin, ya ciro huhun, ya tsaya yana kallonsa a hannu, sai ya ajiye wuƙar ya shige zaure. Wani ne ya ƙarasa. Ban san yadda zai koma Abbatuwa ba.

Ban gaya masa ba. Na zauna na rubuta komai da ajami, shafi biyu, na ninke na sa a ƙasan akwatina. Ban ba shi ba, ban kuma ƙona ba, kuma kada ki tambaye ni ranar da zan yi ɗaya daga ciki, domin ni ma ban sani ba. Abin da na sani, uwa ɗaya gare ni na binne ta, ɗan'uwa ɗaya gare ni kin karɓe mini shi. Na nemi a canja mini wurin aiki, garin nan ya fi ƙarfina.

A cikin ambulan ɗin nan akwai hotuna biyu, nasa mai kyan nan da na Inna. Ba na son su a gidan nan. Ki ɗaga su wa rana a tsakar gida kamar yadda ya yi, wannan karon za ki ga abin da ya wuce ƙasusuwa.

Gobe Yaya zai biyo Khamisu. Ba zan ba direba wannan takarda ba, Yaya zan ba. Zai karɓa ba tare da ya dube ni ba, ya sa ta a cikin jakarsa, ya kawo miki ita tun daga nan har Agege bai san abin da ke ciki ba. Kin san halinsa. In ya huta ya sha ruwa, zai zauna a bakin gadon nan ya miƙo miki, ya ce karanta mini, me Badiyya ta ce.

To ga ta nan a hannunki. Ki karanta masa.

Ƙanwar mijinki,
Badiyya